FASHIN BAƘI: Kura, maiki da mafarauta: Wa ke kiwon namun dajin Gusau, Tsafe da Bunguɗu?

Duk matafiyin da ya baro Tsafe ya nufi Gusau, sai dutsen Kwatarkwashi ya tare masa ido kafin ya shiga babban birnin Jihar Zamfara. Dutsen yana cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, kuma ya daɗe da yin suna saboda tsohon garin da ke gindinsa da kuma maiki, babban tsuntsun nan ɗan uwan ungulu, wanda ya riƙa yin sheƙa a tsagogin dutsen. Masu nazarin tsuntsaye na ƙarni na 20 sun rubuta Kwatarkwashi a matsayin matattarar da maiki ke hayayyafa a Najeriya. Mutanen garin kuwa suna da bikin gargajiya na kamun maiki, inda jarumai kan hau dutsen su kamo tsuntsun da ransa.

A yau bikin ya zama tarihi, ganin maiki a sararin samaniyar yankin kuma ya yi wuyar gaske. Tun shekarar 2015 Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, ta sanya shi, shi da ungulun da muka saba gani a mahauta, cikin jerin halittun da ke dab da ƙarewa daga doron ƙasa.

Ɓacewar maiki ba a dutsen Kwatarkwashi kaɗai ta samo asali ba. Tana da nasaba da yadda makiyayi ke rama ɓarnar kura, da abin da ake sayarwa a rumfar masu maganin gargajiya, da kuma wanda ke iko da daji. Wannan maƙala ta tattaro abin da ya kamata mai karatu ya sani game da yadda al'umma ke kare dukiyarta daga namun daji masu farauta, ba tare da ta share su daga ƙasarta ba.

Me ake nufi da wannan aiki?

A wasu ƙasashe, maganar rage dabbobi masu farauta tana nufin yaƙi da baƙin halittu. A Niyu Zilan, alal misali, Turawa ne suka shigo da wasu nau'o'in ɓeraye da ƙananan dabbobi masu cin ƙwai, suka kusa ƙarar da tsuntsayen tsibiran. A 2016 gwamnatin ƙasar ta ɗauki alƙawarin kawar da su kafin 2050, kuma ƙungiyoyin unguwanni ne ke ɗana tarkuna a bayan gidajensu.

Lamarin Zamfara ya sha bamban. Kura da dila da damisa da shaho ba baƙi ba ne, 'yan ƙasa ne da suka riga garuruwanmu zama a nan. Dabbar da ke ɗauke wa talaka akuya ita ce kuma dabbar da ake neman karewa. Don haka aikin yana da fuska biyu da ba sa rabuwa: a hana ɓarna a garke da akurki, a kuma bar wa dabbar wurin rayuwa. Idan aka ce al'umma ce ke jagoranta, ana nufin mai unguwa da arɗo da shugaban mafarauta da manoma su ne ke tsara ƙa'ida su kuma tsare ta, hukuma na dafa musu.

Ƙasar da abin da ke cikinta

Ƙananan hukumomin uku suna jere ne a kan babbar hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Sakkwato. Ƙasa ce ta fako da fadama da duwatsu, mai itatuwan ɗorawa da kaɗanya da kuka da tsamiya da marke. Gulbin Sakkwato, wanda ya faro daga wajen Funtuwa, ya ratsa ta Gusau da Bunguɗu. Ta kudu, yankin ya jingina da dajin Kuyambana na Ƙaramar Hukumar Maru, gandun namun daji mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 2,000, wanda ya haɗe da gandun Kamuku na Birnin Gwari a Jihar Kaduna. Ta gabas kuma Tsafe ta yi iyaka da Faskari ta Jihar Katsina.

Irin wannan daji a da ya ɗauki giwa da ɓauna da gwanki da kanki da zaki da kyarkeci. Manyan sun riga sun kau. A duk faɗin Najeriya, zakunan da suka rage ba su kai 50 ba, kuma a Yankari da gandun Tafkin Kainji kaɗai ake sa ran samunsu. Waɗanda suka jure su ne masu iya zama kusa da ɗan Adam: kura da dila da yanyawa da muzurun daji, sai birai a kan duwatsu, da gada da zomo da gafiya da beguwa, da damo da guza da mesa, da shaho da shirwa da mujiya.

Kowanne da irin ƙorafin da ake yi a kansa. Kura kan shigo cikin dare ta ɗauki akuya ko tunkiya ko ɗan maraƙi, ta kuma far wa jakin da aka ɗaure a fili. Dila ya fi kai wa 'yan raguna da kaji. Shaho da shirwa na fauce 'yan tsaki. Birai kuwa gonar masara da gyaɗa suke wa ta'adi. Ga magidancin da dukiyarsa ba ta wuce awaki huɗu ba, asarar guda ɗaya na iya zama asarar kuɗin taki ko na asibiti. Duk shirin kare namun daji da ya raina wannan asara ya faɗi tun kafin a fara shi.

Yadda magabata suka tsara abin

Ƙasar Hausa ba ta taɓa barin daji kara zube ba. Farauta sana'a ce mai shugabanci, tana da sarautu irin su Sarkin Dawa da Sarkin Baka, kuma tarihin baka na garuruwa da dama, har da Kwatarkwashi, yana danganta kafuwarsu da maharbi. Idan kura ta addabi ƙauye, ba kowa ke ɗaukar makami ba. Ana kai kuka ga mai gari, shi kuma ya kira maharba, su bi sawu har rami, su yi maganin dabbar da ta yi ɓarnar, ko da haƙo ko da kibiya. Farautar gayya kuma lokacinta rani ne, bayan an kawar da amfanin gona. Da damina ta sauka kowa ya koma gona, daji ya samu hutu a daidai lokacin da yawancin dabbobi ke renon 'ya'yansu.

Akwai kuma kariyar da ba ta buƙatar kisa. Makiyayi na kewaye garkensa da shingen ƙaya, ya kwana kusa da shi da kare da wuta. Matan gida na rufe kaji a akurki tun kafin magariba, su kife 'yan tsaki da kwando. Yara na tsaron gona daga kan rumfa, suna korar birai da tsuntsaye da majajjawa da gwangwani. Wasu kurmi da duwatsu kuma an bar su saboda tsoron iskoki, sai suka zama mafakar da ba mai sara ko harbi a ciki.

Bai kamata a yi wa wancan zamani ado fiye da kima ba. Kamun maiki kansa ɗibar tsuntsu ne daga sheƙarsa, gardawa kuma sun daɗe suna kamo kura su sa mata takunkumi suna yawon kasuwanni da ita, har Bahaushe ya ce kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Abin da ya sa dabbobin suka jure shi ne mutane ba su da yawa, daji na da faɗi, makaman kuma ɗaya bayan ɗaya suke kashewa.

Ranar da guba ta shigo

Abin da ya rushe wannan ma'auni shi ne guba. A ƙasashen Sahel da Faransa ta mulka, ma'aikatun dabbobi sun yi shekaru suna zuba guba a mushe don kashe kuraye da diloli. Daga baya magungunan ƙwari na gona suka wadata a kowace kasuwar ƙauye, da araha, ba tare da an tambayi mai saye abin da zai yi da su ba. Cikin mafi muni akwai wanda ake sayarwa da sunan Furadan, wanda Amurka da Tarayyar Turai suka hana amfani da shi a kan kayan abinci.

Yadda abin ke faruwa a fili yake. Kura ta kashe saniya, ta ci ta bar saura. Mai saniya, cikin ɓacin rai, ya barbaɗa guba a kan mushen don ta dawo ta ci. Sai dai kafin dare ya yi, ungulaye sun riga ta sauka. Karnukan ƙauye su ci, dila ya ci, hankaka ya ci. Idan an yi ruwa, ragowar ta gangara tafkin da dabbobi da mutane ke sha. Guba ba ta tantance mai laifi. A watan Yunin 2019, a ƙasar Botsuwana, an tsinci gawar ungulaye 537 a kusa da mushen giwaye uku da mafarautan hauren giwa suka sa wa guba.

Maiki ba ya iya mayar da irin wannan asara. Ƙwai ɗaya tak macen ke yi a shekara, kuma sai ɗan ya shekara biyar ko fiye kafin ya fara hayayyafa. Tsuntsu ne mai dogon zango, yana iya yin tafiyar fiye da kilomita 100 daga sheƙarsa don neman abinci. Shi ne ma ke riƙe da tarihin tashi mafi nisa a sama: a 1973 wani maiki ya yi karo da jirgin sama a kan birnin Abijan a tsayin kusan mita 11,300. Ma'ana, mushe ɗaya mai guba a wata jiha na iya kashe tsuntsayen da ke kwana a Kwatarkwashi.

Ga kuma kasuwa. Najeriya na cikin manyan wuraren cinikin sassan ungulu a Afirka ta Yamma, inda ake neman kai da ƙafa da gashinsa don tsibbu da neman sa'a. Yayin da tsuntsun ke ƙara wuya, kuɗinsa na ƙara tashi, masu nema kuma na ƙara nisa har ƙasashe maƙwabta. Kura ma ba ta tsira ba, domin ana cinikin fatarta da wasu sassanta saboda irin wannan buƙata.

Me za a rasa idan suka ƙare?

Ungulu da kura ma'aikatan tsafta ne da ba a biyan su albashi. Garken ungulaye na iya share mushen saniya cikin ɗan lokaci, kuma ruwan cikinsu na da ƙarfin da ke kashe ƙwayoyin cuta da yawa. Idan babu su, mushe na daɗewa a fili, ƙudaje da ɓeraye da karnukan da ba su da mai su su gaje wurin.

Indiya ta ga haka da idonta. Daga shekarun 1990, wani maganin ciwon jiki da ake yi wa shanu allura da shi ya kashe fiye da kashi 95 cikin 100 na wasu nau'o'in ungulayen ƙasar, kafin a hana ba dabbobi shi a 2006. Karnuka suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwan sha ya gurɓace. Wani bincike da masana tattalin arziki biyu suka wallafa a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulayen ya jawo mutuwar ƙarin mutane kusan 500,000 tsakanin 2000 da 2005.

Zamfara jihar kiwo ce, don haka wannan darasi nata ne. A watan Janairun 2025 gwamnatin tarayya ta tabbatar da ɓullar cutar antaras a wata gonar dabbobi a jihar, cutar da mushen da aka yar ke taimaka wa yaɗuwa. Haka nan mujiya da muzurun daji da macizai su ne ke rage ɓeraye, waɗanda ke cinye hatsi a rumbu, wani nau'insu kuma ke ɗauke da zazzaɓin Lassa.

Dajin da ya koma hannun 'yan bindiga

Ba a iya maganar dajin Zamfara a tsallake tsaro. Tun wajen 2011 rikicin satar shanu ya rikiɗe ya zama ta'addancin 'yan bindiga, dazuzzuka irin su Kuyambana da Munhaye na yankin Tsafe suka zama sansanoninsu. Malamin daji ba ya shiga, mai bincike ba ya shiga, maharbin gargajiya ma sai da shiri. Sansanin da ke ɗauke da ɗaruruwan mutane masu manyan bindigogi yana buƙatar nama da itace, luguden wuta ta sama da ta ƙasa kuma ba ya bambance maɓoyar ɓarawo da ramin dabba. A bakin garuruwa kuwa, 'yan gudun hijira da tsadar iskar gas sun ƙara buƙatar itacen girki da gawayi, sai itatuwan da suka rage a kusa da Gusau da Tsafe ke biyan kuɗin.

Rikicin ya kuma sauya matsayin maharbi. Mutumin da ya san hanyoyin daji shi aka fara nema lokacin da aka kafa ƙungiyoyin sintiri da 'yan sa-kai. A watan Janairun 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da rundunar Askarawan Zamfara. Ilimin bin sawu da aka gada don dabba ya koma kan mutum. Wani abin takaici shi ne ɓangarori biyu da suka fi kowa sanin namun daji, maharbi Bahaushe da makiyayi Bafulatani, su ne rikicin ya fi shiga tsakaninsu. Tushen rigimar kuma ya haɗa da yanka gandun daji da burtali da makiyaya a mayar da su gonaki, abin da ya kori shanu da namun daji a lokaci guda.

Abin da doka ta ce

Dokoki ba su yi ƙaranci ba. Akwai Dokar Namun Daji ta Arewacin Najeriya ta 1963, wadda jihohin Arewa suka gada, ta kasa dabbobi gida-gida ta kuma tanadi lasisin farauta. Akwai Dokar Makiyaya ta 1965. A matakin tarayya akwai dokar 1985 kan cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka yi wa gyara a 2016 aka ƙara yawan tara. Najeriya kuma na cikin yarjejeniyar CITES ta duniya. Matsalar ita ce aiwatarwa.

A watan Disamban 2020 gwamnatin Muhammadu Buhari ta amince da ɗaga gandun daji 10 zuwa matsayin na ƙasa, ciki har da Falgore a Kano da Kogo a Katsina. Babu ko ɗaya daga Zamfara. Kuyambana na nan a wuyan gwamnatin jiha.

Ta fuskar addini, shari'ar Musulunci ta halatta kashe dabbar da ke cutar da mutane, kuma Imam Malik ya sanya zaki da damisa cikin wannan hukunci. Amma ta hana kisa don wasa, ta hana azabtarwa da ɓarna, ta kuma san tsarin keɓe fili don amfanin jama'a, wanda ake kira hima. A 2014 Majalisar Malaman Indonesiya ta ba da fatawar haramta farauta da cinikin halittun da ke dab da ƙarewa. A jihar da ta fara faɗaɗa aiki da shari'a a 2000, mumbarin Juma'a na iya isar da saƙon da allon ma'aikata ba zai isar ba.

Inda aka gwada aka ga haske

Ba sai an je nesa ba. A Kure, kimanin kilomita 60 daga Yamai, raƙuman dawan Afirka ta Yamma sun ragu zuwa 49 a 1996. Ba a kori manoma ba, ba a kuma kafa shinge ba. An hana farauta, an ɗauki 'yan ƙauyukan aikin ja-gora, an tallafa wa mazauna da rijiyoyi da ƙananan basussuka saboda waken da dabbobin ke ci musu. Yawansu ya haura 600. Harin watan Agustan 2020, wanda ya kashe Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a wurin, ya durƙusar da yawon buɗe ido, ya kuma nuna cewa rashin tsaro na iya rusa aikin shekaru cikin yini guda.

A Maraɗi, tun shekarun 1980 manoma suka koma barin tohon kututture a gonakinsu suna yi masa aski maimakon su tumɓuke. Da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a fili mai faɗin kusan hekta miliyan 5 a kudancin Nijar. Sirrin shi ne manomi ya tabbata itacen da ya rena nasa ne. A Kenya kuma, tun 2007 wani shiri a yankin Amboseli ya ɗauki samarin Masai da suka saba kashe zaki, ya ba su aikin bin sawunsa, da gargaɗin makiyaya, da gyaran shingen garke, da nemo dabbobin da suka ɓata. Kisan zakuna ya ragu ƙwarai a inda suke aiki.

Duka ukun sun haɗu a kan abu ɗaya: wanda ke ɗaukar asara shi aka ba iko da amfani.

Abin da za a iya farawa da shi

Ko a halin da ake ciki, akwai matakan da ba sa buƙatar shiga tsakiyar daji. Shinge mai ƙarfi da fitila mai aiki da hasken rana na rage ɓarnar dare. Masarautun Gusau da Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi na iya haramta sa guba a mushe a ƙasarsu, su mayar da ƙa'idar kai kuka ga shugaban mafarauta, a nemi dabbar da ta yi ɓarna ita kaɗai. Ƙungiyoyin makiyaya na iya kafa asusun karo-karo don rage wa wanda aka yi wa asara raɗaɗi, tun da zafin rashi ne ke kai hannu ga guba. Shugabannin masu maganin gargajiya na iya hana mambobinsu sayen sassan ungulu, kamar yadda Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF, ta daɗe tana jan hankalinsu. Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, na iya tura ɗalibanta ƙidayar ungulaye a mahautan garuruwan uku, su kuma naɗi bayanan tsofaffin maharba tun suna raye.

Akwai kuma tambayoyin da matashi mai bibiyar kasafin kuɗi ya kamata ya yi. Nawa aka ware wa sashen gandun daji na jihar, nawa aka saki? Malaman daji nawa ke bakin aiki? Wa aka ba filayen da aka yanka daga gandun gwamnati, da izinin wa? Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, tana kuma cikin shirin ACReSAL na dala miliyan 700 da Bankin Duniya ya amince da shi a 2021 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Wane kaso na wannan kuɗi ya isa Tsafe da Bunguɗu, kuma me aka yi da shi?

Wani zai ce ana ta rayukan mutane, wa ke ta kura. Gaskiya ne rai ya fi komai. Sai dai dajin da hukuma ta yi watsi da shi har maiki ya ɓace ba wanda ya tambaya, shi ne dajin da 'yan bindiga suka tarar babu mai gadi. Duk yarjejeniya ko nasarar soja da za ta dawo da zaman lafiya Zamfara, dole ta amsa tambayar wa zai riƙe daji washegari. Idan ba a sa maharba da makiyaya da manoman da ke bakinsa cikin amsar ba, wani ne zai sake riƙe shi.